Ƙwaryar Ruwan da Kawu Ya Sha

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran Kawu, ƙanin mahaifiyata, a nan Riyad, bayan jinyar kwana tara. Sai washegari da la'asar aka yi masa sallah aka kai shi makwancinsa, domin sai da takardar kafili, wato ubangidansa na aiki, da ta ofishin jakadanci suka fito.

Gidansa na unguwar Jaradiya ɗaki uku ne a hawa na biyu, amma a kwanakin zaman makoki har matakala sai da ta cika da takalma. Likitocinmu da injiniyoyi sun zo cikin manyan kaya, suna Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu. Larabawan wurin aikinsa sun zo, sun sha gahawa, sun yi addu'a sun tashi. Waɗanda suka ba kowa mamaki su ne mutanen unguwar Sulay, direbobin tankar ruwa da leburori, wasunsu ko kayan aiki ba su tuɓe ba. Wani tsoho ɗan Bangaladash ya tsuguna a bakin ƙofa yana kuka wiwi. Ba mai jin yarensa, sai kalma ɗaya da yake maimaitawa da Larabci, "milh, milh," wato gishiri.

Taubashiyata, 'yar Kawu, a nan aka haife ta, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Ta ja ni gefe ta ce, "Wallah, Yaya, ban san Baba yana da mutane haka ba. Min wen duk waɗannan? Daga ina?"

Na ce, "Ke dai da ma ba abin da kika sani sai waya da shawarma."

Ta yi 'yar dariya da hawaye a fuskarta, muka koma ciki.

A ɗakin mata, Hajiya, matar Kawu, duk wadda ta shigo sai ta kama hannunta ta ce, "Don Allah in ya taɓa ɓata miki, ki yafe masa." Kowa ta amsa da mun yafe, duniya da lahira. In an amsa, sai Hajiya ta ɗago ido ta dube ni, ni kuma in sunkuyar da kai. Mu biyun mun san akwai wadda yafiyarta ta fi ta duk mutanen ɗakin nauyi, kuma ba ta nan. Inna ce, mahaifiyata, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta shekara talatin da wani abu ba ta ce masa kanzil ba.

Hajiya ta ce da ni, "Ke kaɗai za ki iya. Kafin a yi addu'ar uku ki kira ta. Kada a bar shi kwance da wannan nauyi."

Na ce to. Na wuni ban kira ba, na sake wuni ban kira ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na sha gaya wa mutane labarin da ba sa son ji, amma lambar uwata ta gagare ni dannawa.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce wace irin yaya ce wannan. Bari in faɗi yadda abin yake, don kada a manta da Kawu, kuma kada a tuna da rabinsa kawai.

Mu Sarkawa ne. Kakanninmu kifi suka biyo daga ƙasar Yawuri, suna gangarowa da Kwara, har suka kai can kudu inda kogin ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku. A bakin ɗaya daga cikin rassan suka kafa zango. Ruwan daɗi ne ke wucewa ta ƙofar gida, ga rijiyoyi, ga fadamar shinkafa a baya. Kawu ne na farko a zangon da aka tura boko Arewa, ya karanci aikin injiniya, ya ƙware a madatsun ruwa da hanyoyin ban-ruwa. In ya zo hutu, tsofaffi ma gyara zama suke yi.

Wata shekara wani kamfani ya zo da maganar yashe bakin kogin, a zurfafa shi don manyan jiragen kaya su riƙa shigowa. Maƙwabtanmu, asalin mutanen wurin, suka ce ba su yarda ba, in aka haƙa teku zai shigo. Dattawanmu suka yi musu dariya. Su abin da suka gada daga Yawuri shi ne kogi gangara ya sani, ba a taɓa ganin ruwa ya juya ya hau tudu ba. Duk da haka suka ce a kira yaron nan da ya yi karatun ruwa, abin da ya faɗa shi ke nan.

Ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya batse. Ina da shekara shida ko bakwai, amma ina ganin ranar kamar jiya. Kawu ya shiga kwalekwale da dattawa, wasu kwalekwalen na biye, har da namu na mata, aka tuƙa har inda ake hango igiyar teku tana fari. Ya sa ƙwarya ya kamfaci ruwa daga sama, ya kafa kai ya sha, ya goge baki.

Ya ce, "Ga shi nan, har ƙofar teku ruwan daɗi ne. Kogin da ya ture teku a gidansa, shi za a ce teku zai biyo shi har namu gidan?"

Mata suka rangaɗa guɗa. Inna ta fi kowa, ƙaninta ne. Da yamma dattawa suka dangwala yatsa a takarda, kuma da namu suka yarda, maganar maƙwabta ta rasa ƙarfi.

Rani na uku bayan yashewar, sabulu ya daina kumfa a ruwan rijiya. Daga nan shayi ya canza ɗanɗano. Bakin ganyen shinkafa ya fara ja kamar an babbake shi, ƙasar fadama ta yi farin ɓawo. Giwan ruwa da tarwaɗa suka yi sama, masunta suna tuƙi rabin yini kafin su jefa taru. Rijiyar gidanmu, wadda Kaka, mahaifinsu Inna, ya haƙa da hannunsa, ta zama zartsi, ko akuya sai ta shinshina ta juya. Gida ɗaya ya kwashe, na biyu ya bi.

Kawu ya zo da ya ji labari. Inna ta shimfiɗa masa tabarma kamar yadda ake yi wa baƙo, ta je ta zura guga a rijiyar, ta cika kwanon sha fal, ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu. Ya kurɓa, ya tsaya. Sai ya kafa kai ya shanye tas, muna kallon maƙogwaronsa yana motsi, idonsa yana ruwa. Ta karɓi kwanon ta kife, ta shige ɗaki. Daga ranar ba ta sake yi masa magana ba. Ba a jima ba ya sami aiki a Saudiyya ya taho.

Ni sai da na girma, aikin asibiti ya kawo ni Riyad, sannan na san shi da gaske. Shi ya tarbe ni a filin jirgi, shi ya yi ta zirga-zirga har iƙamata, takardar izinin zama, ta fito. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya, kuma in kana son ganin fushinsa ka bar famfo yana ɗiga. Aikinsa duba ruwan manyan tankunan da ke shayar da gari, ruwan da ake ɗebowa daga teku a cire masa gishiri a turo shi ta bututu ya ratso hamada. Yakan ce, "Can na buɗe wa gishiri ƙofa, nan an sa ni gadinsa. Allah ba ya barci."

Duk baƙon da ya fara zuwa gidansa, sai ya ga wasan zoɓo. Kawu zai sa a kawo kwanon gilashi mai faɗi da ruwan famfo a ciki. Sai ya ɗebi zoɓo a kofi, ya zuba masa gishiri ya dama, ya tsiyaya shi a hankali ta gefe ɗaya. Jan ruwan ba ya gauraya, sai ya nutse ya riƙa rarrafe ta ƙasan kwanon, na sama yana nan fari.

"Ɗanɗana na sama," in ji shi. Baƙo ya ɗanɗana ya ce lafiya lau. "To, abin da na sha ke nan. Ruwan teku ya fi na kogi nauyi. Ba ta sama yake shigowa ba, ta ƙasa yake bi, kamar gara. Abin da ke tare shi ƙarfin kogi ne da tudun yashin da ke bakin. Mu muka kwashe tudun, muka yi masa titi."

Hajiya takan leƙo daga kicin ta ce, "Alhaji, zoɓon nan fa na sha na yi, ba na makaranta ba."

Ba ya ko jin ta. Ya riga ya shiga lissafa sauran. Kowace madatsa da aka gina a sama, da kowane injin ban-ruwa da ke zuƙa, suna rage wa kogin ƙarfin turawa. Masu haƙar yashin gini suna ƙara zurfafa shi. An sassare itatuwan bakin ruwa da ke riƙe gaɓa. Rani yana ƙara tsawo, tekun kansa kuma yana ɗagowa kaɗan-kaɗan. Yakan rufe da cewa ruwa ba ya tsami banza. Na ji wannan karatu ya fi sau hamsin, har nakan riga shi faɗin wani wurin don in tsokane shi, ya ce, "Ja'ira, to zo ki karɓi kofin."

Ranar Juma'a bayan sallah ba ya hutawa. Zai ɗauki 'yar jakarsa ta awo ya nufi Sulay, gidajen leburori, ya hau rufi ya buɗe tankunansu. Ba wanda ya sa shi. In ya ga tanki ya yi datti, sai ya nemi mai kula da gidan ya tsaya a kansa da Larabcinsa mai kaushi, "Haram alaik, mutane ne ke sha," har sai an wanke. A nan ya haɗu da tsohon nan ɗan Bangaladash, wanda gishiri ya cinye gonar shinkafarsa ya koro shi ɗaukar bulo a Riyad. Akwai wani Ba'iraƙe da dabinonsu suka bushe a tsaye, da wani Bamasare mai irin labarin. Kawu yana kiransu 'yan'uwansa na zartsi. Su zauna a inuwar sito da shayi, kowa da guntun Larabcinsa, kowa yana nuna da hannu inda gishirin ya kai a garinsu. Ya taɓa ce mini, "Da na ɗauka mu kaɗai ne. Ashe duk inda kogi ya haɗu da teku ciwon nan yana nan, kuma ban ji inda aka ce ya ja da baya ya zauna ba."

A bayan ƙofar ɗakinsa akwai taswirar koginmu da ya zana da hannunsa. Duk tsakiyar rani zai kira wani abokin yarintarsa da ya rage a can, ya sa shi ya ɗaura wa kwalba dutse da igiya, ya zura ta har ƙasan kogi a wuraren da suka sani, ya jawo ya ɗanɗana. "Bana ina ya kai?" In an faɗa masa, sai ya ja layi da fensir. Layin farko yana ƙasa da zango. Sai mashayar mata, sai kwanar masallaci, sai gadar katako. Shekarar da aka yi damina mai ƙarfi layin yakan ɗan sauko, amma bai taɓa komawa inda ya fito ba. Duk ranar da ya ja sabon layi ba ya cin abincin kirki.

A gaban taswirar nan muka yi faɗanmu, ni da shi, shekara biyu da suka wuce. Na gaji da ganin tsoho yana cin kansa.

Na ce, "Kawu, da bakinka kake cewa madatsu ne, masu yashi ne, teku ne ke tasowa. Ko ba ka sha ruwan nan ba, ai gishirin zai zo."

Ya juyo ya dube ni, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Kul. Kada ki wanke ni da ƙarya. Zai zo, amma da a hankali zai zo, da mutane sun gan shi tafe sun yi shiri. Ni madatsa na karanta, ban taɓa karanta teku ba ko shafi ɗaya. Da aka tambaye ni, abin da ya kamata in ce shi ne ban sani ba. Kalma uku. Na ga dattawa sun zuba mini ido, na ga yayata tana jiran ta yi guɗa, sai na ji kunyar faɗa."

Ni kuma da baki ba linzami na ce, "To har yanzu kunyar ce ke cin ka. Ka yi wa Larabawa bayani, ka yi wa 'yan Bangaladash, amma ka kasa zuwa ka durƙusa gaban mace ɗaya. Wannan ba kunya ba ce, Kawu, girman kai ne."

Hajiya ta ce, "Ke! Ubanki ne fa."

Na ɗauki jakata na fita. Mako biyu ban taka gidan ba, sai ga shi wata yamma a tashar metro ta kusa da asibitinmu, yana zaune da ledar dabino yana jiran in tashi daga aiki. A nan ya gaya mini abin da ban sani ba. Sau uku yana zuwa gida takanas saboda Inna. Duk zuwan, in ya yi sallama, sai ta sa a ce masa ba ta nan, alhali yana jin tarinta a ɗaki. In ya kira waya, jikoki take miƙa wa. Na ji kunya ta kama ni har ƙafa. Na roƙe shi gafara, ya ce, "Ai gaskiya kika faɗa, rabinta."

Ni dai ra'ayina ban canza ba, kuma zan faɗe shi ko Inna za ta ji. Saurayi ɗan shekara ashirin da wani abu bai isa ya ɗauki laifin teku shi kaɗai ba. Waɗanda suka zo da injinan haƙa sun san abin da bai sani ba, kuma ba su sha ko kurɓi ba. Amma ni ban haƙa rijiyar ba, ban kuma kwashe kayana a kwalekwale na bar kabarin uwata a baya ba.

Da yake kwance a asibiti, kwana biyu kafin rasuwarsa, ya kama hannuna ya ce, "Kin gaya mata?" Na riga na gaya wa Inna ba shi da lafiya, abin da ta ce kawai Allah ya sawwaƙe. Na ce masa ta yi maka addu'a. Ya yi murmushi irin na wanda ya gane, ya juya fuska bango.

Ranar uku da safe, mata suna ta hidimar abincin sadaka, na fita matakala na zauna na danna lambar. Inna yanzu tana wani gari can sama da kogin, a ɗaki ɗaya a gidan yayana. Da kanta ta ɗauka.

Muka gaisa. Na ce, "Inna, ya haƙuri?"

Ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki."

Na ce, "Yau uku. Hajiya ta ce in roƙe ki. Ni ma ina roƙonki. Ki yafe wa Kawu."

Sai ta ce, "An yi masa wanka da kyau?"

"An yi, Inna."

"Sabulun ya yi kumfa?"

Na ce ya yi.

Ta ce, "To madalla. Baba da ya rasu, kina ƙarama ba ki sani ba, da ruwan rijiyarsa aka wanke shi. Masu wankan suka yi ta cuɗa sabulu ya ƙi. Da ya bushe kafin a sa likkafani, fari-fari ya fito masa a gemu. Ni aka kira na goge da gefen zanena. Kawunki yana can, sai wasiƙa."

Ban taɓa jin wannan ba, kuma na tabbata Kawu ma ya mutu bai ji ba. Na fashe da kuka, ita kuwa muryarta ko rawa ba ta yi.

Ta ce, "Daina kuka ki ji. Ni na goya shi. Ranar nan ni na fara guɗar, kin sani? Shekara talatin in na tuna fuskarsa sai in ji guɗata a kunnena, shi ya sa ban iya kallonsa." Ta ja numfashi. "Nawa na yafe. Rijiyar, da gonar, da gemun Baba, duk na yafe masa, duniya da lahira. Ki gaya wa matarsa."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya saka miki, Inna."

Ta ce, "Tsaya, ban gama ba. Nawa na ce. Ba ni kaɗai ke shan kogin ba. Na sauran gidajen ba ni da bakin yafe shi, sai masu shi."

"Ina zan same su?"

Ta fara lissafa mini. Gidan liman sun koma Yawuri, tsofaffinsu duk sun mutu. Gidan sarkin ruwa sun watse, wasu Legas, wasu an ce Kamaru. Masu saƙar taru ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu. Ta kira gida bayan gida, daga bakin mashaya har ƙarshen fadama, ba ta tsallake ko ɗaya ba. A ciki duka, mutum biyu kawai ta san inda za a sami lambarsu.

Na koma ciki na gaya wa Hajiya cewa Inna ta yafe. Ta ɗaga hannu sama tana hamdala, matan ɗakin suka taya ta. Sauran maganar ban faɗa mata ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya shayar da shi daga tafkin Annabi. Wanda duk ya karanta wannan, in iyayensa ko kakanninsa sun taɓa zama a zangon Sarkawa na bakin teku, wanda rijiyoyinsa suka zama zartsi, ina roƙonsa don Allah ya neme ni. Na kira lambobin nan biyu. Ɗaya ta ce ta yafe. Ɗayan ya saurare ni har na gama, ya ce zai yi tunani.